Bagaruwa: Dukiyar da ke Zuba a Ƙasa a Yankin Kongolam

Duk wanda ya bi hanyar motar da ta tashi daga birnin Daura ta nufi arewa, ba zai yi tafiya mai nisa ba zai iske Kongolam, watau garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, cikin Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa ta Jihar Katsina. Daga nan hanya ta ratsa Ɗan Barto da Matamaye har ta kai Damagaram. An san Kongolam da ma'aikatan kwastan da na shige da fice, da kuma manyan motoci masu ɗauke da dabbobi da hatsi da wake. Amma akwai wata haja da ta daɗe tana yawo a wannan yanki tun kafin Turawa su shata iyaka a farkon ƙarni na 20, wadda ba safai ake sa ta cikin lissafi ba. Ita ce bagaruwa, ko gabaruwa kamar yadda ake kiranta a wasu sassan ƙasar Hausa.

Da 'ya'yan wannan itaciya ne majema suka jeme fatun da suka kai sunan ƙasar Hausa har Turai. Da su ne malamai suka haɗa tawadar da ta riƙe littattafai shekaru aru-aru, kuma har gobe da wuya a shiga kasuwar ƙauye ba a ga mudunta a gaban masu sayar da magungunan gargajiya ba. Duk da haka, a yau bagaruwa tana tsakanin abubuwa biyu masu neman ganin bayanta: a birni masana'antu sun juya mata baya sun rungumi sinadaran ƙasashen waje, a ƙauye kuma gatari yana bin ta don itacen girki da gawayi. Wannan kuwa yana faruwa ne a daidai lokacin da masu sayen fata a duniya suka soma komawa neman irin jimar da bagaruwa ta iya.

SIFFARTA DA INDA TAKE FITOWA

Ƙasar Daura ƙasa ce ta jigawa, mai ƙarancin ruwan sama, kuma mutanenta sun san darajar itace, har ma sunayen biyu daga cikin ƙananan hukumomi 5 na masarautar, watau Mai'aduwa da Ɓaure, daga itatuwa aka samo su. A kan tudu gawo da kuka da aduwa da kurna da magarya su ne suka fi yawa. Ita kuwa bagaruwa ta fi son fadama da bakin tafki da kwari mai ƙasar laka, inda ruwa kan kwanta da damina. Tana jure wa ambaliya ta watanni, tana kuma jure wa zafin bazara, abin da ba kowane itace ke iyawa ba.

Ba ta da wuyar ganewa. Ɓawonta baƙi ne mai tsattsagewa, ƙayarta fara ce doguwa mai fitowa bibbiyu, furenta kuma rawaya ne, ƙulli-ƙulli, mai ƙanshi. 'Ya'yanta dogaye ne masu launin toka da laushin gashi a jikinsu, sukan nuna da rani, su bushe, su zubo ƙasa. Awaki da tumaki suna cinsu, ƙwayar kuma ta fito cikin kashinsu ta tsiro a wani wuri, saboda haka makiyayi ya daɗe yana shuka bagaruwa ba tare da ya sani ba. Saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda ta gawo da ta gyaɗa suke yi, itacenta kuma yana da nauyi da tauri, gara ba ta cika cinsa ba, shi ya sa ake yin ƙotar fartanya da ta gatari da shi.

Masana ilmin tsire-tsire sun daɗe suna kiranta Acacia nilotica, watau mai alaƙa da Kogin Nilu, kafin daga baya a sake mata suna zuwa Vachellia nilotica. Tana fitowa daga Senegal har Masar da Sudan, ta ƙetara zuwa ƙasashen Larabawa da Indiya, inda ake ce mata babul. Wani likita Bature mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya rubuta sunanta cikin littafinsa na sunayen tsire-tsire da Hausa da aka buga cikin 1916, ya kuma yi bayanin amfaninta cikin babban littafinsa na 1937 a kan tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma.

ASIRIN YANA CIKIN BAURI

Wanda ya taɓa tauna ɗan bagaruwa ya san yadda baki ke ɗaurewa, harshe ya yi kaushi, yawu ya ɗauke. Wannan shi Bahaushe ke kira bauri, kuma ya bambanta da ɗaci. Ana jin irinsa kaɗan a goro, da shayin da ya daɗe kan wuta, da ɗanyar kanya. Abin da ke kawo shi wani sinadari ne da masana ke kira tanin, wanda itatuwa da yawa ke tarawa a ɓawo da ganye da 'ya'ya don su kare kansu daga ƙwari da dabbobi.

Aikin tanin guda ɗaya ne, watau kama furotin ya ɗaure shi. Idan ya haɗu da furotin ɗin da ke cikin yawu, sai santsin baki ya gushe. Idan ya taɓa miki, sai naman wurin ya tsuke, jini da ruwa su rage zuba. Idan kuma ya ratsa ɗanyar fata, sai ya shiga tsakanin zaruruwan da suka yi ta, ya ɗaure su, ta yadda ƙwayoyin da ke sa ruɓa ba za su iya cinta ba, in ta bushe kuma ba za ta ƙage kamar ƙirgi ba. Akwai kuma wata ɗabi'a tasa: da zarar ya gamu da ƙarfe sai ya rikiɗa ya zama baƙi wuluk. A kan waɗannan abubuwa ne jima da magani da tawada duk suka dogara.

Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna cewa idan aka cire ƙwaya daga busassun 'ya'yan bagaruwa, abin da ya rage yakan ƙunshi tanin kimanin kashi 18 zuwa 27 daga cikin ɗari, a wasu wurare ma fiye da haka. Wannan adadi ne mai yawa, kuma abin lura shi ne ba sai an sare itace ko an ɓare ɓawonsa ake samunsa ba. Itaciya tana tsaye, kowace shekara tana zubo da shi.

DAGA MAJEMA ZUWA TURAI

Jima sana'a ce ta gado, kuma mai wahala. Majemi yakan fara da jiƙa fata cikin ruwa har ta yi laushi, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan toka don gashi ya saki. Sai ya shimfiɗa ta kan gungumen itace ya kankare gashin da sauran naman da ya maƙale. Daga nan akan sa ta cikin ruwan da aka jiƙa kashin tantabaru ko na kaji, ko kuwa tsiron nan da ake kira fataka, don ƙarfin toka ya fita, fatar ta buɗe. Bayan duk wannan ne ake zuwa kan bagaruwa. A daka ta a turmi, a sheƙe ƙwayar, a jiƙa garin a kwatarniya ko a rami, a tsoma fata ana murzawa ana juyawa, ana sake ruwa idan ƙarfinsa ya ragu. Fatar akuya takan ɗauki 'yan kwanaki, ta saniya kuwa ta fi haka daɗewa. Gwanin majemi yakan yanki gefen fata ya duba: idan launin bagaruwa ya ratsa har tsakiya, to, jima ta kama. Sai a wanke, a shafa mai, a buga, a miƙe, a shanya a inuwa.

Fatar da ta fito daga bagaruwa fara-fara ce, mai karɓar kowane irin rini. Dukawa sukan rina ta ja da karan dafi da kanwa, su yi rawaya da gangamau, su yi baƙi da kuloko, wanda ƙarfen da ke cikinsa ne ke haɗuwa da tanin ɗin da ke jikin fatar ya ba da baƙin. Daga nan ake samun gafaka da zabira da kube da laya da takalma da kayan doki. Wanda ya kalli hawan Sallar Gani a Daura, ya dubi sirdi da linzami da sauran adon dawaki, to, ya kalli aikin da tushensa ramin jima ne. Kafin zuwan roba da leda, gugan da ake jan ruwa da salkar da matafiyi ke ratayawa duk fata ne.

Wannan fata ba ta tsaya a gida ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano cikin 1851, ya ga yadda ake fitar da takalma da jemammun fatu da jajayen fatu zuwa Arewacin Afirka. Ayarin raƙuma kan tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Azbin, ya ratsa Gat ko Gadamus har Tarabulus, ƙasar Daura kuwa tana tsakanin Kano da Damagaram. Da yake daga bakin tekun Arewacin Afirka Turawa ke sayen wannan haja, sai suka haɗa ta cikin abin da suke kira fatar Maroko, alhali kuwa da yawanta fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce, wadda majemin ƙasar Hausa ya jeme da bagaruwa. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai cinikin ya juya kudu ta Ikko, masu ɗaurin littattafai a Ingila kuma suka san ta da sunan fatar Neja, suna fifita ta saboda ƙwarinta da kyaun fuskarta.

Haka nan a zauren malamai. Tawadar allo, wadda ake yi da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, an yi ta ne don ta wanku. Amma wadda za a rubuta Alƙur'ani ko littafi a takarda, wajibi ne ta zauna. Ɗaya daga cikin hanyoyin haɗa ta shi ne a dafa 'ya'yan bagaruwa tare da kashin maƙera, a tace, a sa ƙaro. Irin wannan haɗi na tanin da ƙarfe shi ne Turawa ma suka yi ta rubutu da shi ƙarnuka da dama, sai dai su daga wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen ƙasarsu suke samun nasu tanin ɗin.

MAGANI NE, AMMA YANA DA IYAKA

A gidajen ƙasar Hausa an daɗe ana jiƙa bagaruwa ko a dafa ta don gudawa da atuni da basir. Ana kurkure baki da ruwanta idan dasashi yana jini ko maƙogwaro yana ciwo. Ana barbaɗa garinta a miki, mai jego kuma takan zauna cikin ruwanta mai ɗumi. Wannan sani ba na Hausawa kaɗai ba ne. Tun ƙarni na farko na Miladiyya wani likitan Girka mai suna Dioskorides ya bayyana yadda mutanen Masar ke matse ruwan 'ya'yan wannan itace su busar da shi ya zama curi, suna kiransa akakiya. Likitocin Larabawa suka gaji wannan magani da sunan aƙaƙiya. Larabawa suna kiran 'ya'yan da ƙaraz, kuma an ambaci ƙaraz cikin hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito game da tsarkake fatar mushe ta hanyar jima.

Ilmin zamani bai ƙaryata tushen wannan ba. An ga cewa ruwan bagaruwa yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ɗakin gwaji, masu bincike a Sudan kuma sun nuna tun cikin shekarun 1980 cewa yana kashe dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya. To amma abin da ya iya jeme fatar saniya ba abin wasa ba ne ga hanjin jariri. Yawan shan tanin yana ɗaure ciki, yana iya wahalar da hanta, kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda shi ne ke gina jini. Saboda haka mace mai ciki ko mai shayarwa da ke fama da ƙarancin jini, musamman wadda aka ba ƙwayoyin ƙarin jini a asibiti, ba ta kyauta wa kanta ba idan ta mai da ruwan bagaruwa abin sha na kullum.

Babban haɗarin yana wajen gudawar yara. Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishiri daga jikinsa, bagaruwa kuwa ba ta mayar da ko ɗaya daga cikinsu. Tana iya rage fitar bayan gida, iyaye su saki jiki, alhali yaro yana ci gaba da bushewa. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar a riƙa ba irin wannan yaro ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki. Haka kuma likitoci suna gargaɗin mata game da cusa garin bagaruwa a jiki da sunan gyara, domin yana busar da wurin, ya jawo tsagewa da shigar cuta. Masu tallata ta a matsayin maganin ciwon sukari da sauran manyan cututtuka sun dogara ne ga gwajin da aka yi a kan ɓeraye da cikin kwalabe, wannan kuwa bai isa hujjar da za ta sa majiyyaci ya ajiye maganin asibiti ba.

'YAN'UWANTA A WASU ƘASASHE

Kusan kowace al'umma ta ƙasashe masu zafi tana da nata itacen bauri, kuma abin da wasu suka yi da nasu ya ishi mai hankali darasi. A Indiya da Bama akwai wani ɗan'uwan bagaruwa da ake kira kair. Sukan faskara zuciyar itacen ƙanana-ƙanana, su dafa cikin tukwane, su tace, su ci gaba da dafa ruwan har ya yi kauri, sa'an nan su bar shi ya daskare su yanka shi gunduwa-gunduwa. Farin ɓangaren, wanda suke kira kata, shi suke shafawa a ganyen da suke taunawa kamar yadda Bahaushe ke cin goro. Baƙin ɓangaren kuwa, watau kac, da shi ake jima, ake rina komar masunta don kada ta ruɓe, kuma yana cikin abubuwan da aka riƙa rina yadin kaki da su. A Malesiya da Indunisiya suna da gambir, wanda ake samu daga dafaffen ganyen wani tsiro mai yaɗo. Dukansu sun shiga kasuwar duniya tun da daɗewa, dalili kuwa shi ne an mai da su curi mai sauƙin ɗauka da awo da ajiya.

Afirka ta Yamma ma ta taɓa ba duniya irin wannan magani. Itacen madobiya, idan aka sare jikinsa, yakan fitar da jan ruwa kamar jini, ya bushe ya zama ƙwalƙwal. Cikin 1757 wani likitan London mai suna John Fothergill ya gabatar wa likitocin Turai wannan abu da aka kawo daga Kogin Gambiya, aka san shi da sunan kino, aka yi ta ba masu gudawa. Ƙarshen madobiya a ƙasar nan abin tausayi ne. Da kasuwar katakonta ta buɗe a ƙasar Sin, sai aka far mata da zarto, musamman a Jihar Taraba, har ta kai ga an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2017, cikin 2018 kuma aka ba da shawarar dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Itacen da ake iya mora yana tsaye, an sayar da shi sau ɗaya an gama.

ZUWAN KUROM

Abin da ya kawar da bagaruwa daga manyan majemu ya faro ne daga Amurka, inda Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar jima da gishirin kurom cikin 1884. Jimar kurom tana da sauri, ana gama ta cikin yini ɗaya ko biyu, fatar tana jure zafi da ruwa, kuma kowane kaya yana fitowa iri ɗaya da na jiya. Saboda haka a yau kimanin kashi 80 daga cikin ɗari na fatun duniya da kurom ake jeme su, haka kuma masana'antun Kano da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa suka bi. Aka bar bagaruwa ga majema na gargajiya irin na Ƙofar Wambai a Kano da na sauran garuruwa.

Sai dai sauri yana da nasa farashin. Ruwan dattin majemu da ke kwarara cikin Kogin Challawa da Jakara ya daɗe yana damun manoman rani da masunta, kuma masu bincike na jami'o'i sun sha samun kurom a cikin ruwa da ƙasar wuraren. A ɗaya gefen kuma, daga 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan nau'in kurom mai guba da ke cikinsu ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Wasu masu ƙera motoci da takalma da jakunkuna sun koma neman fatar da ba kurom a cikinta. Waɗanda ke cin moriyar wannan canji su ne ƙasashen da suka shirya: Afirka ta Kudu da Brazil da garin ɓawon itacen mimosa, Ajantina da kebiraco, Peru da tara. Babu wani sihiri a cikin itatuwansu da bagaruwa ta rasa. Bambancin shi ne suna sayar da tataccen gari wanda mai masana'anta ya san ƙarfinsa tun kafin ya buɗe buhu, ita kuwa bagaruwa har yanzu a mudu ake aunata, da ƙwaya da ƙasa da tsakuwa.

Ba a rasa masana a gida ba. Cibiyar Nazarin Kimiyyar Fata ta Nijeriya da ke Samaru, Zariya, wadda asalinta ya faro cikin 1964, ta daɗe tana koyar da jima da bincike a kan kayan jima na gida, cikin 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar ƙasa game da fata da kayan fata. Abin da ya rage shi ne a haɗa ɗakin gwaji na Zariya da fadamun ƙasar Daura.

DARASI DAGA TSALLAKEN IYAKA

Kafin a yi maganar masana'anta, wajibi ne itacen ya kasance yana nan. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun kashe itatuwa masu ɗimbin yawa a arewacin ƙasar nan. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun shiga fadamu da burtali, tsadar kananzir da iskar gas kuma ta mai da masu gari ga gawayi, itacen bagaruwa kuwa yana cikin waɗanda ke ba da gawayi mai kyau. Akwai kuma masu ɓare ɓawonta kewaye don magani, abin da ke kashe itaciya a tsaye.

Hukuma ta yi ƙoƙari daidai gwargwado. Cikin 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka fara shirin dashen itatuwa na haɗin gwiwa da Tarayyar Turai ta wancan lokaci a arewacin jihar. An kafa Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta Ƙasa cikin 2015, Katsina tana cikin jihohi 11 da aikinta ya shafa, a ƙarshen 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa. Amma a shirye-shiryen dashe da yawa an fi karkata ga dogon yaro da turare, saboda saurin girmansu.

Mutanen Kongolam ba sa bukatar tafiya mai nisa don ganin wata hanya. A tsallaken iyaka, cikin ƙasashen Matamaye da Magarya da Mirya, manoma sun rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wanda aka soma yaɗawa a yankin Maraɗi cikin 1983. Maimakon manomi ya sassabe duk tohon da ya fito a gonarsa, sai ya zaɓi mai ƙarfi ya gyara masa rassa ya bar shi ya girma. Da wannan hanya an kiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Babban abin da ya sa ta yi nasara shi ne manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, ba na malamin daji ba. Harshe ɗaya ne, ƙasa iri ɗaya ce, akwai aure da zumunci da cinikin kasuwar Mai'aduwa tsakanin ɓangarorin biyu.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da fari, ya kamata ma'aikatun gandun daji na jiha da na ƙananan hukumomin Daura, Mai'aduwa, Zango, Ɓaure da Sandamu su ƙidaya inda bagaruwa ta rage, su kuma sa ta cikin irin da ake renawa. Ƙwayarta tana da tauri, amma idan aka jiƙa ta cikin ruwan zafi takan tsiro da sauri. Gefen madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam, da bakin tafkuna da kududdufai, wurare ne da suka dace da ita. Sai dai a dasa da lissafi, domin a ƙasar Ostireliya, inda aka kai ta don inuwa da abincin dabbobi, ta mamaye makiyaya har hukuma ta sa ta cikin jerin miyagun tsire-tsire.

Na biyu, hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka san kowace fadama da mai ita, don haka da bakinsu ne za a iya hana sarar ɗanyar bagaruwa da ɓare ɓawonta, a kuma tabbatar wa manomi da mai tsinta haƙƙinsu. Na uku, mata da yaran da ke tsintar 'ya'yan za su fi samun riba idan aka haɗa su cikin ƙungiyoyin gama kai, aka koya masu cire ƙwaya da niƙawa da ɗurawa cikin buhu mai tsabta, maimakon sayar da ita yadda ta faɗo. Na huɗu, ɗaliban kimiyya na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura suna da aikin bincike a ƙofar gidansu: nawa ne ƙarfin tanin ɗin bagaruwar kowace gunduma, a wane wata ya fi kyau a tsince ta, kuma yaya za a mai da ita tataccen garin da masana'anta za ta amince da shi. Ma'aikatan lafiya na karkara kuma su ci gaba da wayar da kan iyaye game da inda amfaninta ya tsaya.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Bagaruwa ta yi wa kakanni hidima ba tare da an ba ta taki ko ban ruwa ba, kuma itaciyar da aka bari a bana za ta yi shekaru masu yawa tana zubo da abin sayarwa kowane rani, wadda aka mai da gawayi kuwa cikin 'yan kwanaki ta zama toka. Zaɓi yana hannun manomi da mai unguwa da ma'aikacin gwamnati. Allah ya sa a farga tun da sauran itatuwa a tsaye.